Nomau Mai Gishiri a Bayan Hamadar Madubi

Godiya ta tabbata ga Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya zuba zaƙi a cikin rake, ya ɓoye gishiri a cikin laka. Ku matso kusa, ku gyara zama. Ni ne Nomau ɗan Tunau, mai dafa gishiri daga Farin Tafki a ƙasar Zangarma. Abin da zan ba ku ba a bakin wani na ji shi ba. Da ƙafata na taka, da idona na gani.

Tun zamanin kakanninmu tafkin nan na mutum ɗaya ne, wanda ake kira Uban Tafki. Mu ne masu kwasar laka, mu ne masu tace ruwan zartsi, mu ne masu shan hayaƙin murhu har idanunmu su kaɗa, shi kuwa kantun gishiri nasa ne. Wata shekara Uban Tafki na ƙarshe ya mutu bai bar magaji ba, barorinsa suka watse. Muka wayi gari, mu gida ɗari uku, ga tafki a hannunmu. Muka rantse ba mahalukin da zai sake cewa tafkin nan nasa ne. A nan kaɗai bakinmu ya zo ɗaya.

Yayana Jatau, ƙaƙƙarfan mutum mai saurin fushi, ya ce a naɗa majalisa ɗaya, a gina rumbu ɗaya, wanda ya ƙi bi ya bar garin. Baba Mantau, tsohon da ya fi kowa daɗewa a bakin murhu, ya ce shi ya gama da shugaba har abada, ko da kuwa daga cikinmu aka zaɓo shi. Wasu suka ce a bi a hankali. Aka yi wata biyu ana jayayya, har aka zare wuƙaƙe, aka ƙone rumfar wani. Sai matan garin suka shiga tsakani, suka sa maza suka yi alkawarin ajiye makami har damina biyu, a aika mutum ɗaya ya je bayan Hamadar Madubi, inda fatake ke cewa akwai masu zaman gurguzu, wato waɗanda suka tara dukiyarsu wuri guda kamar 'ya'yan auduga. Ni aka zaɓa, don ba ni da iyali, kuma an san ni da sauraro.

Ranar da zan tafi Jatau ya raka ni bayan gari. Ya ce, "Nomau, kada ka dawo mana da labari. Amsa za ka kawo."

Na ce, "To, Yaya."

Hamadar Madubi ba rairayi gare ta ba. Ƙasa ce sumul mai ƙyalli, duk abin da ke sama yana nan a ƙarƙashinka. Ana ƙetare ta a cikin jirgi mai ƙafafun ƙashi da manyan ƙyallaye, iska na tura shi yana sulɓi. Kwana arba'in muna tafiya tsakanin sama biyu. In girgije ya wuce bisa kanmu, wani ya wuce ƙarƙashinmu. Akwai ranar da garken shamuwa ya bi ta kanmu, na rasa waɗanne ne tsuntsayen, waɗanne ne inuwarsu, sai na riƙe gefen jirgi ina tasbihi.

A ƙarshen hamadar na hango wani dutse wanda kansa ya shige cikin gajimare. Da muka matso sai na ga duk jikinsa tagogi ne. Mutane ne suka fafe dutsen nan tun daga gindi har ƙoli suka mayar da shi rumbu. Manyan ƙafafun katako, kowace ta fi rimi tsawo, ruwa na juya su, suna ɗaga kwandunan dawa zuwa sama ba tsayawa. Wannan shi ne Birnin Rumbu.

Kwana uku na yi ina yawo a birnin nan bakina a buɗe. Ban ga mai bara ba. Ban ga mai tafiya ba takalmi ba. Mai shara yana karatu, mai jima yana karatu. Ba kasuwa, ba ciniki. Da hantsi kowane gida zai aiko a auna masa abincinsa gwargwadon bakunan da ke cikinsa.

Aka sauke ni a hannun wata mai kula da hawa na bakwai na rumbun, sunanta Dela. Doguwa ce, da tabon ƙuna daga wuyanta har kafaɗa. Na tambaye ta yadda suka yi.

Ta ce, "Ɗan'uwa, iyayenmu 'yan haƙar tagulla ne. Sun roƙi masu ramuka shekara da shekaru, ba su samu ko kallo ba. Mai dukiya ba ya sakin ta don an lallashe shi. Ƙwacewa muka yi, rana ɗaya. Ina 'yar shekara tara aka ƙone unguwarmu, ga shaidar nan a wuyana. Da muka ci, muka san masu ramukan za su dawo in muka rarrabu. Shi ya sa komai ya koma hannu ɗaya. Muna da majalisa, ana kiransu Masu Hange, su tara ne, su suke tsara abin da za a shuka, da abin da za a ƙera, da inda kowa zai yi aiki."

"In sun yi kuskure fa?"

"Sun fi mu gani. Kuma ba har abada ba ne. Ranar da mutane suka saba da zaman nan, majalisar za ta rushe da kanta."

"Yaushe ke nan?"

Ta ce, "Ba a faɗa ba tukuna."

A birnin nan baƙo ma sai ya yi aiki. Aka tura ni wani kwari inda Masu Hange suka ba da umarnin a haƙa babban tafki don shayar da sababbin gonaki. Mutum dubu goma ne a cikin ramin, suna waƙa da murya ɗaya, digoginsu na sauka tare har ƙasa na amsawa. Na shiga cikinsu ina haƙa da farin ciki, har rana ta biyar, da na ga lakar ta sake launi, ta yi toka-toka da wani ƙyalli. Na ɗebo na sa a harshe. Wanda ya tashi a bakin murhun gishiri ba ya ɓata wannan ɗanɗano.

Na ruga wurin shugaban aikin na ce, "Ku dakata! Zartsi ne a ƙarƙashin nan. In kuka ƙara zurfin gaba uku, ruwan gishiri zai ɓalle ya bi gonaki, ya bi kogi. Shekara ashirin ba abin da zai tsiro."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Masu Hange sun riga sun hanga."

Na ɗaga murya na maimaita, don maƙwabtana su ji. Waƙar ta tsaya a ɓangarenmu. Nan take aka kama ni, aka ce ɗan leƙen asirin maciya amana ne, an turo ni in karya wa ma'aikata gwiwa. Aka kai ni hawa na bakwai aka kulle a wani ɗakin ajiya, kafin a yi mini hukunci.

Washegari da hantsi Dela ta kawo mini fura, fuskarta a murtuke. Ta ce, "Na sauke ka kamar ɗan'uwa, ka kunyata ni."

Na ce, "Yaya Dela, alfarma ɗaya nake roƙo. Ki kawo mini tukunya da ruwa da garwashi, in dafa abin da na saba dafawa."

Ta kawo. Na kankare lakar da ta bushe a takalmana da bakin wandona, na jiƙa, na tace da gefen rawanina, na ɗora a wuta. Muna zaune har ruwan ya ƙone. Ga farin gishiri nan kwance a gindin tukunya. Ta dangwala da yatsa ta lasa. Na ga tabon wuyanta yana motsi.

Ta ce, "Daga ramin ne wannan?"

"Daga abin da ya manne a takalmina kaɗai."

Ta daɗe tana kallon tukunyar. Sai ta ce, "Kai ba za su saurare ka ba, sun riga sun sa maka suna. Ni zan kai musu da hannuna."

"Ba za su yi miki abin da suka yi mini ba?"

"Mai yiwuwa. Amma birnin nan nawa ne, da wuyana na saye shi. Ba zan bari gishiri ya cinye shi don tsoron mutum tara ba. Tashi."

Ta ja ni zuwa wani rami a bango, inda ake zubar da ƙaiƙayi kullum da azahar, ya bi wata doguwar hanya a cikin dutsen ya faɗa kogi. Ta sa ni a cikin wani masaki wanda ya isa ya ɗauki ɗan maraƙi, ta rufe ni da ƙaiƙayi, ta tura. Jama'a, na faɗo daga cikin gajimare a cikin ƙwarya! Iska na kuka a kunnena, masaki na juyi, sai haske ya buɗe, na fito ta gefen dutsen a cikin ƙurar ƙaiƙayi da rana ta mayar da ita kamar zinariya, ga bakan gizo a ƙarƙashina. Ban ƙara sanin komai ba sai da na ji ana jan rigata da ƙugiya.

Wata tsohuwa ce mai farin gashi a kan kwalekwale, tana dariya. Ta ce, "Yau kuma mutum suka zubar? Hau, ɗana. Sunana Marka."

Iya Marka ta kai ni garinsu, kuma garin nan yana tafiya ne. Kwalekwale dubbai aka ɗaure da igiyoyi, da gadoji na gora a tsakaninsu, da lambuna a kan tabarmin iwa, kabewa da albasa suna yawo bisa ruwa. Akwai maƙera, akwai masaƙa, har awaki. Na ce a kai ni in gai da sarki. Ta ce babu. Na ce to, alƙali. Babu. Dogari? Gidan yari? Ta yi ta girgiza kai.

Da na ba ta labarin Dela da lakar zartsi, sai ta ce, "Ubana da uban Dela rami ɗaya suka haƙa, rana ɗaya suka tashi. Bayan an ci yaƙi ne aka rabu. Mutanen rumbu suka ce a karɓi sandar masu ramuka a yi wa talaka aiki da ita. Mu muka ce a karya ta, don duk wanda ya riƙe ta zai koyi duka. Wasu kuma tun farko ba su so a zub da jini ba, suka ce da ƙuri'a za a canza komai sannu a hankali. Waɗannan suna can ƙasa, a Birnin Tsakuwa. Duk abu ɗaya muke so, ɗana, kada wani ya ci gumin wani. Amma yau kowa na kiran ɗan'uwansa maci amana."

Wata biyar na zauna da su. Wanda ya kama kifi zai ajiye a rumfar unguwa, mai bukata ya ɗauka. In kwalekwalen wani ya fashe, kafin ya nemi taimako an taru. Kullum da safe Iya Marka sai ta ɗebi ruwan kogi ta ba ni in ɗanɗana. Har na bar su ruwan bai yi zartsi ba. Daga nan na san an dakatar da haƙar. Abin da ya sami Dela kuwa, ban sani ba har yau.

Ana nan sai garin ya iso inda kogin ya rabu biyu a gaban wani tsibiri. Kowace shekara hannun hagu suke bi. A bana masunta suka ce ruwa ya ja, duwatsu sun fito a hagu, a bi dama. Aka kira taro. A al'adarsu ba a yanke magana sai kowa ya yarda. Kwana uku ana magana, ruwa na jan garin zuwa tsibirin. Kowa ya yarda da dama sai wani masunci mai suna Gagare da mutanen unguwarsa. Ya ce shi ya bi hagu sau talatin, ya san kowane dutse, dama ce ba a sani ba.

Na ce wa Iya Marka, "Ku hana shi mana!"

Ta ce, "Da wane hannu?"

Gagare ya kwance kwalekwale arba'in ya bi hagu. Sauran muka bi dama. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Ba mai ba da umarni, ba mai buga ganga, amma hannu dubbai suka kama igiyoyi, garin nan gaba ɗaya ya lanƙwasa kamar maciji ya shige mashigar da ba ta fi faɗin gona ba, ko akuya ɗaya ba ta faɗa ruwa ba. Muna fita sai muka ji kururuwa daga ƙetaren tsibirin. Kafin in juya, maza da mata sun yi tsalle sun hau tudu da igiyoyi a kafaɗa suna gudu. Kwalekwale goma sha ɗaya duwatsu suka farfasa. Aka ciro mutane da yawa, har da Gagare. Mutum bakwai ba a same su da rai ba. Ban ji wanda ya ce wa Gagare ai mun faɗa maka ba. Aka raba iyalansa a gidaje, aka fara sassaƙa musu sababbin kwalekwale.

Bayan jana'iza na zauna kusa da Iya Marka. Ta ce, "Na san abin da ke ranka. Da muna da mai tilastawa, da bakwai ɗin nan suna raye. Gaskiya ne. Amma da mai tilastawar Gagare ne, da dukanmu hagu muka bi." Ta share ido da bakin zane. "Ɗaya daga cikinsu jikata ce. Ban ce maka abin ba ya da ciwo ba."

Da kogin ya kai mu kusa da Birnin Tsakuwa na yi sallama da su. Tun ina tafiyar yini guda da birnin nake jin wani sauti kamar ruwan sama a kan kwano, alhali sama tas take. Ashe ranar ƙuri'a na tarar. A tsakiyar birnin akwai manyan tuluna na tagulla, kowanne ya kai ɗaki, kowane baligi, mace da namiji, zai hau tsani ya jefa tsakuwa ɗaya a tulun da ya zaɓa, a kan kowace magana. Ƙarar tsakuwoyin nan ce ta cika ƙasar.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ga kasuwa cike, ga attajirai da benaye. Na ce wa wani ɗan dako mai suna Shekarau, wanda ya ba ni masauki, "Na ɗauka ku ma gurguzu kuke yi."

Ya yi dariya ya ce, "Haka na rumbu da na kogi suke mana gori. Malam, kakana daga asuba har faɗuwar rana yake dako. Ubana har la'asar. Ni da azahar nake ajiye kaya. Gidan magani kyauta, makaranta kyauta, tsoho ba ya dako. Daga aljihun masu benen nan muke cirowa, tsakuwa bayan tsakuwa. Kuma ba mu binne kowa ba a kan haka."

Ya kai ni wata marina wadda marinan da kansu suka mallaka. Ba ubangida, su suke zaɓen mai kula da su, su kai shuninsu kasuwa su yi gasa da kowa, su raba abin da aka samu. Suka ce mini su nasu ra'ayin dabam ne da na Shekarau, so suke kowace sana'a ta koma hannun masu yin ta, a bar kasuwa yadda take.

Da la'asar aka kifar da tulunan. Ɗaya daga cikin abubuwan da aka jefa wa tsakuwa shi ne a karɓe wani ramin tagulla daga hannun mai shi, don ya rufta sau biyu a kan ma'aikata. Masu son a karɓe suka gaza da 'yan tsakuwoyin da ba su cika tafin hannu ba. Wata mata a gefena ta zauna a ƙasa. Shekarau ya ce, "Haƙuri, Tabawa. Bayan shekara uku za mu sake jefawa."

Ta ɗago ta ce, "Ramin nan ya ci mijina. Gobe da safe ƙanena zai shiga. Shekara uku ka ce?"

Shekarau ya sunkuyar da kai.

Na sake ƙetare Hamadar Madubi, na iso Farin Tafki saura kwana tara alkawarin ya cika. Aka taru a bakin ruwa da safe. Kwana uku ina ba su labari, ban rage ba, ban ƙara ba. Da na gama Jatau ya miƙe ya ce, "To, wanne ne daidai?"

Na ce, "Yaya, a rumbu na ƙoshi, a can kuma aka kulle ni. A kogi ba wanda ya taɓa ɗaga mini murya, a can na yi jana'izar mutum bakwai. A Birnin Tsakuwa ba a zub da jini ba, amma na bar mace zaune a ƙasa. Abin da na gani ke nan."

Ya ce, "Na ce kada ka kawo labari!" Ya koma ya zauna yana huci.

Kwana biyar aka yi ana fafatawa. A ƙarshe mafi yawa suka tsaya a kan cewa tafki na kowa ne, kowane murhu na masu dafa shi ne, a zaɓi mutum bakwai da tsakuwa su kula da madatsar ruwa da rumbun ajiya don shekarar fari. Jatau bai so ba, ya ce majalisar ba ta da ƙarfi, amma ya jefa tsakuwarsa. Baba Mantau kaɗai ya ƙi. Ya tsaya a tsakiyar fili cikin rana yana cewa yau bakwai ne masu kula da madatsa, gobe su ne masu tafki. Ya yi ta magana har muryarsa ta dushe. Samari suka fara ihu, "A fitar da shi! In bai yarda ba ya bar garin!"

Sai Jatau ya tashi. Mutane suka ja da baya, don kowa ya san hannunsa. Na yunƙura zan tare shi, ya ture ni. Ya je gaban tsohon ya tsaya, ya kwance goran da ke kafaɗarsa ya miƙa masa.

Ya ce, "Baba, sha ka ƙarasa. Ko kalma ɗaya ban yarda da ita ba a cikin maganarka. Amma ƙarasa." Ya juya ga samarin ya ce, "Wanda zai fitar da shi ya fara da ni."

Baba Mantau ya sha, ya goge baki, ya ci gaba har la'asar. Jatau na tsaye a gefensa, ya tare masa rana da jikinsa. A cikin abin da tsohon ya faɗa aka ɗauki abu ɗaya, cewa duk wanda ya yi shekara a majalisa sai ya koma bakin murhu ya sha hayaƙi shekara biyu kafin a sake jefa masa tsakuwa. Sauran aka ƙi. Baba Mantau bai jefa tsakuwarsa ba, har ya mutu bai taɓa jefawa ba, kuma a gidansa ya mutu, a cikin garinmu.

Ba zan ce muku mun gama ba. Sau huɗu muka sake tsarin nan, gida goma sha biyu suka yi fushi suka koma gabashin tafki suna yin nasu, har gobe in aka zauna taro sai an yi ta da jijiyar wuya. Amma tun daga ranar ba a sake zare wuƙa a Farin Tafki ba.

Iyakar abin da ƙafata ta taka ke nan. Inda na faɗi daidai, daga Allah ne, inda na manta, tsufa ne. Ku tashi, wutar murhu ta ja baya, a ƙara itace.